In faɗa musu ina kan keke tun a takardar neman aiki, ko in bari sai ranar intabiyu?

Akanta_Mai_Keke:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Shan inna ya taɓa min ƙafafu tun ina yaro, da keke nake yawo, na karanta akanta kuma aikina na iya shi alhamdulillah. Matsalar ita ce in na rubuta a takarda cewa ina da nakasa sai in ji shiru kamar an aiki bawa garinsu, in kuma ban rubuta ba a kira ni, amma ina shiga zaka ga fuskar masu intabiyun ta canza, maimakon a tambaye ni lissafi sai a koma "to ya za ka dinga zuwa kullum?" Wani wajen ma a bene ofishin yake ba lifta, sai da masu gadi suka cicciɓe ni da keken, na isa gabansu duk rigata ta yamutse raina a ɓace. Wanne ya fi? Kuma ku da kuka samu, ya kuka yi kuka riƙe aikin?

Ummu_Sabir:
Wslm ɗan uwa. Ni bana gani, kuma ina aikin ofis. Kar ka sa a CV, can wajen abin da ka iya ne kawai. Amma kar ka bari ka faɗo musu kwatsam ranar, da zarar sun turo maka gayyata ka mayar da saƙo gajere: na gode, ina amfani da keke, a wane hawa za a yi, akwai hanyar shiga? Ka ga lokacin sun riga sun zaɓe ka saboda takardunka, janyewa zai musu nauyi, kuma sun samu damar sauko da zaman ƙasa.

Tambayar nan ta "ya za ka yi" kuwa kar ka jira ta, kai ka fara kawo ta. Ni da laftof ɗina nake zuwa, in kunna NVDA, manhajar da ke karanta min abin da ke kan allo (kyauta ce ma), in buɗe Excel a gabansu in yi aiki suna jin muryar tana zuba da sauri su ko kalma ɗaya basa kamawa lol. Daga nan hirar take komawa kan aiki. Yawancinsu ba mugunta ba ce, basu taɓa gani ba ne, sai tsoro ya cika su.

Abu_Hanif:
Ƙari a kan maganar Hajiya, malam ka san ba alfarma kake roƙo ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, sashe na 27 kacokan kan aiki yake, kuma a cikinta hana mutum gyaran da ya dace da shi a wurin aiki, matuƙar bai fi ƙarfin mai wurin ba, wariya ce. Gyaran nan ai ba wani abu ba ne, tebur da keke zai shige ƙarƙashinsa, gangare a bakin ƙofa, banɗaki mai faɗin ƙofa, ko sassaucin lokacin shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa, kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, to ba wasu 'yan tsiraru ake magana ba.

Inda na saɓa da ita kaɗan: wasu ƙasashen suna da kason dole na guraben aiki ga masu nakasa. Jamus kashi 5 ne ga mai ma'aikata 20 zuwa sama, Faransa kashi 6, Najeriya ma dokar masu nakasa ta 2018 ta ware kashi 5 a ma'aikatun gwamnati. Irin wannan wajen in fom ya tambaya ka cika, ɓoyewa kai za ta cuta.

Kurma_Mai_Zane:
Hmm doka dai tana takarda yallaɓai. Ni samun bai ban wahala ba kamar zaman, sun ɗauke ni an yi hoto da ni an sa a shafinsu, daga nan aka ajiye ni a lungu ba aikin kirki, ana mitin ba mai fassara da hannu ba wanda zai rubuta min abin da aka ce, sai dai in ga mutane sun tashi, washegari a ce ban yi abin da aka umarta ba, ta ina zan sani?? Albashi na shiga amma ƙarin girma ya wuce ni, kuma wlh ranar da aka zo rage ma'aikata wanda ba a san amfaninsa ba shi ake fara sallama.

Abin da ya cece ni a inda nake yanzu, na ce duk umarni a turo min a rubuce, kuma na nemi a ɗora min aiki guda da sunana a kai wanda in ban zo ba za a ji. Sannan duk wani sassauci da oga ya maka da baki ka bi shi da imel ya amsa, sbd ogan kirki ana masa canjin wuri, wanda zai zo bai san da zancen ba.

Akanta_Mai_Keke:
Ngd sosai, Allah ya saka da alheri. Anti Ummu to in na tura saƙon kuma suka yi gum fa?

Ummu_Sabir:
Ka kira su a waya ana gobe ka tabbatar da lokaci kamar kowa, ka maimaita tambayar benen. In sun fara kame-kame ka ce a yi ta bidiyo ta Zoom ko Google Meet. Saƙon kuma kar ka goge shi, ko da za ka kai ƙorafi ƙungiyarku ta masu nakasa.