Baƙin bijimi da baƙar saniya, amma maraƙi ja?

Mai_Garke: Assalamu alaikum. Idan shanu biyu na irin da ake kira Angus, duka baƙaƙe, suka haifi jan maraƙi, wani bijimin ne ya hau saniyar?

Malam Kiwo: Wa'alaikumus salam. Ba lallai ba, ɗan'uwa. Ƙwayar gado mai suna MC1R ce ke raba baƙi da ja, kuma baƙi ke rinjaye. Maraƙi yana gadon kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan iyayen biyu na ɗauke da ja a ɓoye, kowace haihuwa tana da damar kashi 25 cikin 100 ta zo da ja.

Hajiya_Likita: Gaskiyar Malam. Kuma don Allah a daina tantance irin shanu da launi kaɗai! Akwai baƙaƙen shanu irin Simmental da Limousin da yawa a Amurka, saboda an surka su da Angus. Farar fuskar Hereford ma rinjaye take yi, shi ya sa ɗan Angus da Hereford ke fitowa baƙi da farar fuska. Charolais kuwa dusashe launi yake yi, baƙi ya koma toka-toka.

Malam Kiwo: In kana son tabbaci, tsige gashin wutsiya da saiwarsa, na maraƙin da na bijimin, ka aika a gwada DNA. Kada a yanke da almakashi, domin a saiwar ake samun abin gwajin.