Okapi ko wuƙar tsada: wacce ta fi ƙarko a aljihu?

Direba: Assalamu alaikum. Maganar da na yi jiya ina nan a kanta: cikin wuƙaƙen da ake naɗewa a jefa aljihu, babu wadda ta kai Okapi juriya, komai tsadarta. Da ita nake yanke igiyar tamfol, in fere rake, in datse tiyo idan mota ta tsaya mini a daji. Ta dakushe, in goga ta a dutse, kaifi ya dawo.

Mai Shago: Wa alaikumus salam. Oga Direba, ban yarda ba. Araha ce ta ɗaukaka Okapi. Ka taɓa riƙe Buck 110 ta Amurka? Tun 1964 take kasuwa, makullinta a bayan ƙota yake, in ta buɗe ta ce ƙas, ko motsi ba ta yi. Okapi kuwa ana ɗan jimawa da ita sai bakin ya fara lilo.

Direba: Alhaji, na riƙe ta. Nauyinta ya kai giram 200, shi ya sa ake sayar da ita da kube na ɗaurawa a ɗamara. Wuƙar da za ta ja aljihun kaftani ƙasa ai ta tashi daga wuƙar aljihu.

Maƙeri: Ku ba ni dama, don abu biyu kuka haɗa wuri ɗaya: ƙarfen da kuma gaɓar. Okapi ta asali baƙin ƙarfe ce mai kabon. Tana karɓar wasa nan da nan, ko a gindin kofin tangaran ka goga ta za ta ci, amma ka yanka lemo ka naɗe ba ka share ba, gobe ka tarar da tsatsa. Buck kuwa ƙarfenta irin wanda ba ya saurin tsatsa ne, gumi da ruwa ba su dame shi ba. Wuƙaƙen zamani masu tsananin tsada suna daɗewa da kaifi, gaskiya ne, sai dai ranar da suka dakushe dutsen gida ba ya cin su da sauƙi.

Amma yawancin wuƙaƙen da ake kawo mini gyara ba a kaifi suka mutu ba. A ƙusar gaɓa suke mutuwa, ko tsinin ya karye. Mutum ya sa bakin wuƙar ya ɓamɓare murfin gwangwanin fenti, ko ya kwance sukuru da shi, ƙusa ta saki. Wannan ko Buck ka yi wa haka za ta ji jiki.

Mai Shago: Baba Maƙeri, ka yarda dai makullin Buck ya fi na Okapi aminci?

Maƙeri: Na yarda, ɗana. Na Okapi sifirin ne a baya mai zobe, sai ka ja zoben take rufuwa. Yana riƙewa, amma in sifirin ya gaji, kada ka amince masa da yatsunka.

Ɗan Maraɗi: Yayyena, kun manta da Opinel ta Faransa. Tun 1890 ake ƙera ta a yankin Savoie, a 1955 aka ƙara mata zoben da ake murzawa ya kulle bakin. Ba sifirin ballantana ya gaji. Lamba 8 tsawon bakinta santimita 8.5 ne, kuma nauyinta bai kai giram 50 ba. Aibinta guda: ƙotar itace ce, da damina tana shan danshi ta kumbura ta maƙale bakin. Sai ka buga gindin ƙotar a kan teburi, tsinin ya ɗan leƙo, ka kama ka ja.

Mahauci: Roƙona ɗaya, kowacce kuka zaɓa kada ku yi fiɗa da ita ranar layya. Jini da kitse suna shiga gaɓa su daskare, wanki ba ya kai musu, kwana biyu sai wari.

Direba: Wannan gaskiya ne, Malam. Amma ni har yanzu Okapi. An fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwar Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Abin da aka ƙera don talaka mai aikin ƙarfi ne. In ta faɗi a tasha ba zan kwana da baƙin ciki ba, in sayi wata.

Mai Shago: To ai ka dawo maganata. Sauƙin sayen wata daban, ƙarko daban. Kuma mafi yawan waɗanda nake gani a tire jabu ne, an dai buga musu suna da adon wata da taurari a ƙota.

Direba: Jabu kam sun cika gari, ban musa ba. Baba, ta yaya mutum zai gane ta kirki kafin ya biya?

Maƙeri: Buɗe ta har ƙarshe, ka kama bakin ta baya ka girgiza hagu da dama, in ka ji wasa, ajiye. Sannan ka danna bayan bakin a kan katako, yatsunka nesa da hanyar rufuwa, ka ga ko makullin zai zame. In mai kaya ya yarda, goga ta kaɗan a dutse: ƙarfen banza bakinsa lanƙwashewa yake yi maimakon ya yi kaifi.