Fotodainamik: mu kira shi "kunna magani da haske"

'Yan'uwa masu fassarar labaran lafiya, wata kalma ta hana ni sakat: fotodainamik, wadda likitoci ke taƙaitawa PDT, hanyar jinyar wasu masu sankarar huhu. Na ga an fassara ta da "maganin haske", ban kuwa gamsu ba. A Hausa maganin abu shi ne mai kawar da shi, kamar maganin sauro ko maganin tari. To maganin haske fa? Wani ma sai ya zaci man ƙara hasken fata ake nufi.

Sai an ga jariri ake raɗa masa suna, don haka ga yadda aikin yake. Ana yi wa majiyyaci allura ta jijiya, maganin da aka fi sani shi ne Photofrin. Yakan bi jini ya zaga jiki, amma ya fi daɗewa a ƙwayoyin sankara. Bayan awa 40 zuwa 50 sai likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko ta baki har cikin hanyoyin iska na huhu, ya haska jan hasken lesa a kan ƙarin. Nan maganin zai farka, ya mai da iskar oksijin da ke wurin dafi mai kashe ƙwayoyin, ya kuma toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin. Bayan kwana biyu ko uku a koma a kwashe mataccen naman. Hasken shi kaɗai ba ya kashe komai, maganin ma in babu haske barci yake yi.

Wata 'yar'uwa ta kawo "gashin haske". Yana da daɗin faɗi, amma kalmar gashi mun riga mun ba wa radiyoterafi, wato ƙona sankara da na'ura, kuma a nan ba zafi ke aikin ba. Abin da ya fi damuna shi ne mara lafiyar da aka taɓa yi wa gashi zai ce ai an yi masa wannan, alhali ana iya yin PDT bayan gashi, a kuma maimaita. "Jinya da haske" kuwa ta jarirai masu shawara ce, waɗanda ake kwantarwa ƙarƙashin shuɗiyar fitila.

Ni na tsaya a kan "kunna magani da haske". Kunna tana nuna abu na nan ajiye, yana jiran a tashe shi. Sunan ma da kansa gargaɗi ne: in haske ke kunna shi, to rana za ta kunna shi a fata da ido. Shi ya sa majiyyaci ke rufe jiki, ya sa baƙin tabarau aƙalla kwana 30, kuma man kariyar rana ba ya hana wannan ƙunar.

Sunan bai yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa ba. Tun 1980 likitocin Tokiyo, Hayata da Kato, suka fara gwada hanyar a huhu, Amurka ta amince da ita a 1998, amma har yau hasken ba ya ratsa nama fiye da kimanin santimita ɗaya. Shi ya sa a huhu ake yin ta ga ƙaramar sankarar da ke jikin hanyar iska, ko ƙarin da ya toshe numfashi ake so a buɗe.

Allurar kuma mu ce mata "magani mai jiran haske". Ku gwada a bakin mai jinya ku ji: "An yi wa Baba allurar jiya, gobe za a kunna masa maganin."