Ina tururuwa suke shiga ne in zafi ya tsananta?

Mai_Zagaye:
Salam jama'a, dan Allah masu ilimin ƙwari ku taimaka min. Akwai wani ɗan kurmi a tsakiyar gari da nake ratsawa kullum in zan tafi aiki, to tun da kaka nake ganin layin tururuwa baƙi ƙirin ya tsallaka hanya, kowacce da ƙwayar ciyawa a baki, har tsallake su nake don kar in taka. Amma tunda bazara ta shigo ko ɗaya bana gani, bakin ramin ma kamar an toshe. Mutuwa suka yi ko ƙaura? Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Dan_Bishiya:
Ba su mutu ba ɗan uwa, lokacin fita kawai suka canza. Ita tururuwa jikinta baya riƙe ɗumi irin namu, yadda ƙasa take haka jikinta yake, in ƙasa ta ɗau zafi sosai to fitar rana halaka ce gare ta, ga ƙishi, ga shi kuma ƙanshin da suke shafawa a hanya don 'yan baya su bi sahu saurin tashi yake a zafi. A cikin gari ma abin ya fi muni don kwalta da siminti suna riƙe zafi har dare. Ka leƙa da asuba ko ka je da tocila bayan magariba.

Uwar_Biyu:
Gaskiya ne malam, amma harda maganar abinci. Waɗanda ka gani da kaka masu tara iri ne, lokacin ciyawa ta nuna shi yasa suka fito kwansu da kwarkwatarsu, sun cika rumbu. Ni da damina na fi zama in kalle su, lokacin tsutsotsinsu sun yi yawa a rami kuma nama suke buƙata, da idona na ga kiyashi sun taru a kan mataccen fara suna ja, ƙafa ɗaya ta maƙale a saiwa sai da suka gutsure ta tukunna. Manyan kuma zaƙi suke bi, duba jikin bishiya zaka ga layi na hawa wajen ƙwarin darɓa, masu fitar da ruwa mai zaƙi.

Dalibin_Kimiyya:
Kar dai a yi musu kuɗin goro. A Sahara akwai wata mai launin azurfa da tsakar rana take fita neman ƙwarin da zafi ya kashe, sannan a Arewacin Amurka akwai wadda sanyi ne lokacinta, in zafi ya zo ta rufe rami.

Mai_Zagaye:
Allah ya saka da alheri. Yau na sammaka kafin rana ta fito, sai ga su nan a bakin ramin suna fito da ƙaiƙayi, layin dai bai kai na da tsawo ba. Yaya Uwar_Biyu, in ruwan farko ya sauka su ma suna yin fuka-fuki ne ko gara ce kaɗai?

Uwar_Biyu:
Suna yi ƙanina, sarauniyoyi da mazan ne. In kana son bambance su da gara duba ƙugu, na tururuwa a tsuke yake.