Wa za ka rubuta wa, kuma da wane salo?

A tattaunawar da malaman koyar da rubutu suka yi da ɗaliban jami'a kan rubutun neman gyara, wato na neman a sauya wata doka ko wani tsari, shawarar da ta fi rinjaye ita ce ɗalibi ya fara gano wanda wuƙa da nama ke hannunsa, sannan ya zaɓi salo. Wanda ya ce al'umma baki ɗaya yake yi wa magana, bai zaɓi kowa ba.

An daɗe kan misalin fafutukar rage shekarun tsayawa takara a Najeriya, dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2018. Dokar ta buƙaci gyaran tsarin mulki, wanda sai da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, saboda haka 'yan majalisa takardar koke ta dace da su, mai hujjoji da sassan doka. Matasa kuwa gajerun saƙonni a Twitter ne suka tara su.

Wasu suka ƙara da cewa in iyayen karkara ake nufi, rubutun shirin rediyo ya fi maƙalar jarida isa gare su.

Ni dai na fi gamsuwa da malaman da ke sa ɗalibi ya haɗo shafi guda yana kare zaɓinsa, a ba shafin maki daban.