Tauraron ɗan'adam ya raba mu da ma'aunin ruwan sama?

Injiniya: Ni dai a ganina, kuɗin da ake zubawa a ma'aunin ruwan sama na ƙasa asara ne. IMERG, tsarin ƙiyasin ruwan sama daga taurarin ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, yana fitar da adadin ruwa duk bayan rabin awa, fili-fili mai faɗin kilomita 10, har dajin da mota ba ta shiga. Ina gwangwani mai bakin santimita 13 zai wakilci ƙaramar hukuma guda?

Malama: Ranka ya daɗe, Meteosat, tauraron hasashen yanayi na Turai, yana can nisan kilomita 36,000, ba ɗigon ruwa yake gani ba, sanyin saman gajimare yake aunawa. TAMSAT, tsarin ƙiyasin ruwa na Jami'ar Reading ta Ingila mai amfani da hotunan Meteosat, kan ƙirga awannin da gajimare ya yi yana ƙasa da wani mizanin sanyi, tsakanin digiri 30 zuwa 60 ƙasa da sifiri, sannan a mayar da awannin milimita. Da me ake mayarwar? Da alƙaluman gwangwanin da ka raina. Ga kuma matsala: hadarinmu na damina idan ya taso daga gabas ya wuce, yakan bar shimfiɗar gajimaren ƙanƙara mai tsananin sanyi a bayansa. Yayyafi ya ɗauke, lissafi bai daina ƙirga ruwa ba.

Injiniya: Wannan tsohon yayi ne, Malama. Tauraron GPM, wanda IMERG ke dogaro da shi, da aka harba a 2014 yana ɗauke da rada, tana leƙa cikin hadarin.

Malam: Radar tana sharar faɗin kilomita 245 ne kacal, kuma wucewa take yi, sai hadari ya taso ya watse ba ta zo ba. Irin wannan giɓin ne ya sa tun da farko Indiya da Faransa suka harba tauraron Megha-Tropiques a Oktoban 2011, suka karkata hanyarsa digiri 20 kawai don ya riƙa ratsa ƙasashe masu zafi sau da dama a rana. Na'urarsa ta ruwan sama, MADRAS, ta lalace a 2013. Wata na'urarsa, SAPHIR, ta ci gaba da auna danshin iska hawa-hawa na wasu shekaru, an amfana ƙwarai wajen hasashe, daga baya aka sauko da tauraron a Maris 2023.

Malama: Sannan a watan Mayu, iskar ƙasa a bushe take. Ruwa ya baro gajimare, ka hango zarensa yana saukowa, ya ƙafe kafin ya taɓa gona. Tauraro ya rubuta ruwa, manomi ya tona ya ga ƙura. Wanda ya yi shuka da wannan labarin ya yi asarar iri.

Injiniya: To ma'aunin shi ba ya kuskure? Ƙurar hunturu ta toshe mazurari. Ma'auni mai cokalin da ke kifewa duk milimita 0.2 yana rage ƙirga idan ana kwararawa. Wani ma gindin darbejiya ake kafa shi.

Malam: Duk gaskiya ne, amma gyaransu na hannu ne: a wanke mazurari kafin ruwan fari, a daidaita bakin da ma'aunin magina, a nisanta shi da bishiya aƙalla ninki biyu na tsawonta. Kuma Injiniya, IMERG ɗin ƙarshe, mai fitowa bayan wata uku da rabi, da alƙaluman tashoshin ƙasa da cibiyar GPCC ta Jamus ke tarawa ake gyara shi. Duk tashar da aka rufe a Sahel, ingancinsa shi ma ya ragu.

Injiniya: Na yarda da gyaran. Amma gargaɗin ambaliya ba ya jiran wata uku. IMERG ɗin farko yana fitowa cikin awa huɗu, shi zan ci gaba da dubawa.

Malama: Duba shi don ambaliya. Ranar shuka kuwa, sai ma'aunin ƙauyen ya nuna milimita 20 tukuna.