Wai in ruwa ya janye, ina ƙungiyoyin agaji suke shiga?

Ɗan Gwange:
Salam 'yan uwa. Tun ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle abin nan ke cina a rai. Satin farko kam ƙungiyoyi sun yi ƙoƙari wallahi, a sansanin Bakassi ana ta raba dafaffen abinci da tabarmi da gidan sauro, amma da ruwa ya janye kowa ya koma unguwa, gidan ƙasa ya zube, jarin ɗan kasuwa ya bi ruwa, sai ka nemi motocin nan farare na ƙungiyoyi ka rasa. Wai sake gini ba aikinsu ba ne, ko kuɗin ne ba ya isa?

Maman Hafsat:
Wa'alaikassalam. Na yi aikin sa-kai da wata ƙungiya lokacin. Kuɗin gaggawa da sharaɗi yake zuwa, mai bayarwa ya ce na ruwan sha ne da magani na 'yan watanni, ba ka isa ka ɗiba ka sayi bulo da kwano ba ko da kana kallon mutum yana kwana a fili. Kuma ka tuna kwalara ta ɓarke a watan Oktoba, ba don masu zuba sinadarin kulorin a rijiyoyi da irinsu ƙungiyar likitoci ta MSF ba da abin ya fi haka muni. Ni dai na fi son a ba mutane kuɗi a hannu, uwar gida ta fi kowa sanin abin da ta rasa.

Baba Lawan:
Ɗana, waɗanda suka fara ciro mutane ai masu kwale-kwale ne da sojoji da 'yan Red Cross da 'yan agajin masallatai, tun kafin wata mota ta iso. Gyaran dam kuwa haƙƙin gwamnati ne, dam ɗin nan ya taɓa yi mana haka a 1994.

Sadiya Mokwa:
Mu ma a Mokwa haka muka gani bayan ambaliyar Mayu 2025, ga shi a shekarar Amurka ta datse kuɗin USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje. Ku haɗa kwamitin unguwa da bulama, ku rubuta gidajen da suka rushe da hotuna ku kai SEMA, wato hukumar agajin gaggawa ta jiha, don ƙungiyoyi da jerin sunaye suke aiki.

Ɗan Gwange:
Na gode sosai, Allah ya saka. Anti Sadiya, jerin naku har da 'yan haya kuka sa ko masu gida kawai?